Bareyin Gonar Hamad

Asabar, 4 ga Rajab, bayan sallar Asuba

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi, kamar yadda na saba buɗe shafukan waƙoƙina, sai dai yau ba waƙa ce ta zaunar da ni ba. Jiya, tsakanin Azahar da faɗuwar rana, bareyi bakwai daga cikin goma sha tara da aka damƙa amanarsu a hannuna suka faɗi suka mutu. Na gan su suna tangaɗi kamar waɗanda aka dabaibaye, suna haki, kumfa na zuba daga bakunansu, ni kuwa ina gudu daga wannan zuwa waccan da bokitin ruwa, ina kiran sunayen da na raɗa musu. Babu wadda ta waiwayo. Na binne shida a ƙarƙashin dabinon yamma. Ta bakwai tana ɗakin sanyi, domin maigidan gonar, Turki, ya ce ta waya a ajiye ta likita ya duba.

Ikon Allah ya wuce tsinkayen bawa. Mahaifina ya ƙare kwanakinsa yana bin sawun barewa a dajin Yelwa da kwari da baka, ni kuwa ɗansa Gwadabe an ƙaddara mini in yi furfura ina zuba wa barewa ruwa a kwami a bayan garin Jidda. Shekara goma sha bakwai ke nan da na zo umara na ƙi komawa. Marigayi Hamad, mahaifin Turki, shi ya tsince ni ina dako a kasuwar Bab Makka, ya tambaye ni ko na san dabba, ya kawo ni cikin wannan katanga. Ba mu rubuta kome ba, hannu muka haɗa: ni in tsare masa bareyinsa da zabinsa da tantabarunsa, shi kuma ya bar mini kusurwar gabas in noma yakuwa da rama da kuɓewa, in kai wa gidansa rabonsa, matata Tani ta sayar da sauran a unguwar Kurayyat, inda take zaune a cikin gari. Iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da ita, ban taɓa samunta ba. Katangar nan ita ce takardata. Tun da kame ya tsananta, shekara uku ke nan ban taka bayan ƙofa ba.

Ban san abin da ya kashe su ba.

Na daɗe ina duban layin nan na sama. Na bar shi yadda yake.

*Na tona rami, na rufe su da ƙasa,*
*Wanda ke ƙirjina, wa zai tona masa?*

Saura goma sha biyu.

Asabar, bayan La'asar

Turki ya zo. Mutum ne da na sani tun gemunsa bai fito ba, tun yana bin bayana yana roƙon in ɗora masa ɗan barewa a cinya. Yau ya tsaya a kan kaburburan nan shida, hannuwansa a baya kamar yadda mahaifinsa yake tsayuwa, har inuwar dabino ta matsa daga kanmu.

"Ya ammi Gwadabe," in ji shi, wato baffa da Larabci, "waɗannan ba dabbobi ba ne a wurina. Abin da ya rage mini ke nan na babana mai numfashi. Me suka ci?"

"Abin da suka saba ci, ranka ya daɗe. Ciyawar barsim da sha'ir."

"Wa ya kawo barsim ɗin?"

"Rabi'u. Shi yake kawowa kowace Talata."

"Wani ya shigo? An bar ƙofa a buɗe?"

"Babbar ƙofa ba a buɗe ta ba."

Wannan amsa gaskiya ce, Allah Shaida. Babbar ƙofa ba a buɗe ta ba.

Ya ce, "Wallahi duk wanda ya yi wannan, da gangan ko da sakaci, hukuma ce za ta raba ni da shi. Halas, shi ke nan." Ya shiga mota ya tafi, ko shayin da na dafa bai taɓa ba. Ni kuwa kalmar hukuma ta tsaya mini a rai, domin mai irin halina in ya haɗu da askarawa sau ɗaya, gidan tarhil ne, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi.

Lahadi, 5 ga Rajab, da hantsi

Tun duku-duku nake aiki da fartanya a kusurwar gabas. Tafin hannuna ya yi bororo. Na ƙone abin da na tuge.

Litinin, 6 ga Rajab, bayan Azahar

Likitan dabbobin da Turki ya turo Bahaushe ne, sunansa Munir, kamfani ne ya ɗauko shi daga gida da takardunsa cikakku. Na yi murna da na ji sallamarsa, murnar kuwa ba ta kai Azahar ba.

Na riƙe masa ƙafafun barewa ta bakwai ya feɗe ta. Jinin da ya fito ja ne wur kamar garura, ba irin jinin mushe ba. Ya buɗe tumbi, ya ɗebo abin da ke ciki a tafinsa, ya baje shi da yatsa, ya kai hanci ya sunsuna. Daga nan ya ɗaga ido ya dube ni, duban da ban so ba.

"Baba, a zagaya da ni gonar."

Na kai shi garken, na kai shi rumfar barsim, na kai shi bakin rijiya. Ya ce, "Can fa, bayan dabinon?" Na ce 'yar gonata ce ta ganyen miya, babu abin gani. Ya ce shi ma yana marmarin ganin yakuwa. Muka je. Ya tsaya a gefen filin da na kafce jiya, ya dubi tokar da iska ba ta gama kwashewa ba, ya dubi ƙyauren waya da ke tsakanin garke da gonar. Ya tsuguna ya tsinci wani ɗan ganye guda da fartanyata ta tsallake, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya murza shi, ya jefar.

"Baba Gwadabe, kada rigar nan ta ruɗe ka. Ni ma a ƙauye aka yanke mini cibiya. Kakana shanu gare shi."

Na ce, "Allah Ya jiƙan magabata."

"Amin. Ni aikina in rubuta abin da na gani a cikin tumbi, zan kuwa rubuta, ba ragi ba ƙari. Abin da na gani a bayan dabino ba a tambaye ni ba. In an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Amma gara ya fito daga bakinka, don bakinka ya fi nawa kusa da kunnen mutumin nan."

Na ce ban gane inda maganarsa ta dosa ba. Ya yi murmushi irin na wanda ya ji tausayin babba, ya wanke hannu, ya ce sakamako zai fito cikin mako guda.

Saura goma sha biyu. Sun ci, sun sha. Ni ban ci ba.

Talata, 7 ga Rajab, da hantsi

Rabi'u ya zo da a-kori-kurarsa, tun daga nesa nake jin ƙarar salansa da waƙar da yake rerawa ba daɗin murya. Mutumin unguwar Ammariyya ne a cikin Jidda, magidanci mai 'ya'ya uku, shekara tara yana ɗauko mana ciyawa daga kasuwa. Shi ne jaridata, shi ne ɗan aikena, shi yake kai wa Tani ganye, shi yake kawo mini ita ranar Juma'a. Bai taɓa shigowa nan bai tsokane ni ba.

"Sarkin dawa na cikin katanga! Mawaƙin da zabi kaɗai ke saurare! Yau wane baiti za a yi mini, na yabo ko na zambo?"

Da ya ga fuskata sai ya kashe mota. Na gaya masa. Ya cire hula, ya zauna a kan damin barsim.

"Bakwai, Malam? Har da mai tsagaggen kunnen nan da ke cin dabino a hannuna?"

"Har da ita."

"La haula. Me suka ci?"

"Likita yana bincike."

Ya miƙe ya fara kwance damman da ya kawo ɗaya bayan ɗaya, yana tonawa, yana sunsunawa. "Ka san mutanen kasuwar nan ba su da tsoron Allah," in ji shi. "Wani lokaci sukan cusa ɗanyar dawa a tsakiyar dami don ya yi nauyi. Ni kuwa makon jiya sauri nake yi, ban kwance ba. Malam, kai ba ka ga wani abu a ciki ba?"

Na ce, "Ban lura ba."

Kalma uku ke nan. Na auna baitoci dubu a rayuwata, ban taɓa furta abin da ya kai su nauyi ba.

Da zai tafi ya leƙo ta taga ya ce, "Ka ci abinci, tsoho. In ka mutu wa zai riƙa zagina da karin waƙa?"

Laraba, 8 ga Rajab, gab da Magariba

Goma sha biyu. Na zagaya katanga sau uku, taku dubu da ɗari huɗu kowane zagaye.

*Katanga huɗu, sama guda, ƙofa ɗaya,*
*Mai tsaro da abin tsaronsa duk ɗaya.*

Juma'a, 10 ga Rajab, bayan La'asar

Tani ta zo, ta kawo tuwon dawa a kula, miyar kuka da man shanu. Da na buɗe na ga launin tuwon sai na mayar da murfi.

"Ci mana, Malam. Ba kai ka yi ta mafarkinsa shekara da shekaru ba? Sajida ma ta ci, ta ce *hilu marra*, wai ya yi daɗi ƙwarai, ta ce ashe haka abincin ƙasarku yake. Ƙasarku, ka ji 'yar da ka haifa."

Na ce cikina ba daɗi. Ta dube ni, ta miƙe ta nufi bayan dabino. Shekara ashirin da biyu muna tare, ba ta iya karatun boko ba, amma fuskata allo ce a wurinta. Da ta dawo ta zauna kusa da ni, ta rage murya ko da yake babu kowa sai zabi.

"Ka buɗe musu ƙyauren."

Na gyaɗa mata kai.

"Wa ya sani?"

"Likita."

"Zai faɗa?"

"Ya ce sai in an tambaye shi."

"To ba za a tambaye shi ba. Ka ji ni, Malam? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka je Yelwa ka yi me? Gonar ubanku 'yan'uwanka sun raba tun ba yau ba. Sajida ko gaisuwar Hausa ba ta iya kaiwa ƙarshe ba. Dabba ce ta mutu, ba mutum ba. Balaraben nan zai yi fushinsa ya huce, ya sayo wasu."

Na ce, "Yana zargin barsim."

Ta ce, "Barsim ba shi da mata, ba shi da 'ya."

Ban ce mata mai kawo barsim yana da su ba, domin ta sani, a motarsa ta zo, kuma yana bakin ƙofa yana jiran ya mayar da ita.

Lahadi, 12 ga Rajab, bayan sallar Asuba

Takarda ba ta kai ƙara, bari in gaya mata.

Bara wani alhaji ɗan garinmu ya kawo mini ƙullin irin dawa, kaura, daga rumbun yayana. Turki tun da ya gaji gonar ya kafa mini sharaɗi: ganye kaɗai, ban da hatsi, domin rijiya tana ja da baya. Na ajiye ƙullin wata biyar ina buɗewa ina sunsunawa. Ƙarshe na shuka kunya takwas a bayan dabino, inda ba ya zuwa. Ta fito, ta yi kara, ta fid da kai, na tsaya a cikinta iska na kaɗa ganyenta, na rufe ido na ji ni a gida. Na girbe a farkon watan jiya.

A garinmu in an gama girbi, manomi yakan buɗe gona ga dabbobi, su ci kara da ganye, su bar masa taki. Haka ubana ya yi, haka kakana ya yi, ba a ma ɗaukarsa shawara, kamar rufe tukunya ne bayan an kwashe tuwo. Ranar Juma'ar da suka mutu na dubi tushiyar, na dubi bareyin suna leƙe ta waya, na ce bari su ma su ɗanɗani arzikin Yelwa. Na buɗe ƙyauren na tafi yin alwala.

Abin da na manta shi ne, a gida lokacin da ake buɗe gona ruwan sama ya ɗauke, tushiya ta bushe ta mutu. A nan kuwa tiyon ban-ruwa bai san kaka ba, bai san rani ba, yana ta ɗiga a gindinta don yakuwar da ke kusa. Tushiyar ta sake tofo, ɗanye shar, tsawon taƙi. Gyauro. Yaron da bai isa kiwo ba a Yelwa ya san gyauron dawa yana kashe sa mai tozo kafin a kawo wuƙa. Ni na gan shi da idona, kore a gindin kara, zuciyata ta ce kyakkyawa ne.

*Dawa ta gida, na kira ki kin amsa,*
*Kin haye teku, kin zo kin kama ƙasa,*
*Ashe baƙon da ka yi wa shimfiɗa da kanka*
*Shi ya san inda wuƙa take a ɗakinka.*

Baitin ma ƙarya ne. Dawa ba ta buɗe ƙyaure ba.

Talata, 14 ga Rajab, bayan Azahar

Sakamako ya fito: gubar ɗanyar dawa. Turki ya kira ni, muryarsa har da wani sauƙi, irin na wanda ya samu inda zai sauke kaya.

"Ka ji, ya ammi? Dawa. Mu kuwa ba mu da dawa a gonar nan. A cikin dami ta shigo. Kada ka karɓi kome daga hannun mutumin nan, na sa wani kamfani ya riƙa kawowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Rabi'u mutumin kirki ne."

"Kirkinsa ya binne mini bakwai."

Na buɗe baki. Allah Ya sani na buɗe baki. Ya ce ana kiransa a wani layi, zai zo Juma'a.

Rabi'u ya iso da hantsi kafin wannan waya, ya sauke kaya, kowane dami a kwance, ya ce shi da kansa ya tsefe su tun a kasuwa. Yau bai tsokane ni ba.

Laraba, 15 ga Rajab, bayan La'asar

Na yanke shawara. Ranar Juma'a zan gaya wa Turki, fuska da fuska, domin irin wannan magana ba ta waya ba ce. Na wuni ina tsara yadda zan fara: in tuna masa mahaifinsa, in kawo shekaru goma sha bakwai, in bayyana masa al'adar buɗe gona yadda zai fahimta, sa'an nan in sauka kan laifin a hankali kamar mai sauka rijiya. Na rubuta sau huɗu, na yaga uku. Na huɗun ya yi kyau ƙwarai.

Kwana biyu ne kawai. Goma sha biyu, lafiyarsu ƙalau.

Alhamis, 16 ga Rajab, da Azahar

Tani ta kira. An kama Rabi'u a kasuwar ciyawa.

Alhamis, gab da Magariba

Turki ya kai ƙarar mai shagon ciyawa tun ranar Talata. Da askarawa suka je tambaya, suka nemi takardun duk wanda ke wurin. Iƙamar Rabi'u ta mutu shekara biyu, kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya ɓace, bai taɓa gaya mini ba, kullum sai dariya. Ba a ma kai ga maganar barsim ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda ya yi wannan karin magana bai zauna a Jidda ba.

Juma'a, 17 ga Rajab, bayan La'asar

Jawabin da na tsara bai fito ba ko kalma ɗaya. Da Turki ya sauko daga mota na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi ba, na ja shi har bayan dabino, na nuna masa filin, na nuna masa ƙyauren.

"Na shuka dawa a nan. Na saɓa maka. Ni na buɗe musu. Babu kome a cikin barsim ɗin Rabi'u."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Na ga jijiyar wuyansa tana motsi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun suna faɗuwa."

"Mako biyu." Ya juya mini baya, ya yi taku kamar goma, ya dawo. "Ka tsaya a kan kabarinsu ka ce mini barsim da sha'ir."

"Na faɗa. Ka kira askarawa, ranka ya daɗe, ga ni. Amma ka janye ƙarar, a saki bawan Allah."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ƙara zan janye yau ɗin nan. Kana tsammani ita ta riƙe shi? Takarda ce ta riƙe shi, ya ammi. An ɗauki hoton yatsunsa, an rubuta sunansa. Ko ni, ko wanda ya fi ni, ba mai fito da shi. Da ka faɗa ranar Talata, da ban je ba."

"To a haɗa ni da shi."

"In haɗa ka, a tambaye ni wa ya ɓoye marar iƙama shekara goma sha bakwai? In ce babana? Kuma wa zai kula da sha biyun nan? Ba su cin abinci a hannun kowa sai kai." Ya share fuska da gefen gutararsa, gyalen da ke kansa. "Babana ya ce kada in kore ka muddin kana raye. Ban san yana ɗaure ni ba ne ko yana ɗaure ka. Ka zauna. Ka noma ganyenka. Kada ka ƙara kirana sai dabba ta yi ciwo. Yalla, buɗe mini ƙofa."

Na buɗe masa, na rufe a bayansa. Na zo da wuyana na miƙa, an ƙi karɓa.

Lahadi, 19 ga Rajab, da hantsi

Kamfanin ya kawo ciyawa. Direban bai san sunana ba, bai tambaya ba.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan Azahar

Na nemi baiti, baiti ya ƙi zuwa. Goma sha biyu. Kuɓewa ta isa tsinka, babu mai kai ta gari, na bar ta tana tsufa a jikin uwarta.

Laraba, 22 ga Rajab, bayan La'asar

Wata lamba da ban sani ba ta kira. Hayaniya a baya kamar kasuwa.

"Malam? Rabi'u ne. Wayar wani ɗan Sudan na ara, ba zan daɗe ba. An ce jirginmu ranar Asabar."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Malam, don Allah ka yafe mini. Tun da aka kawo ni nan nake ganin mai tsagaggen kunnen nan. Na san yadda ka ɗauke su. Da na kwance damin nan, da duk haka ba ta faru ba. Na gaya wa Amatullah alhakinsu ne ya kama ni, kada ta ga laifin kowa. Ka ce ka yafe, in hau jirgi da sauƙi."

Amatullah matarsa ce. Na jingina da katanga.

"Rabi'u, damminka ba su da kome. Dawar da na shuka ce, wadda ka kai wa Tani buhunta. Ta yi gyauro, na buɗe musu. Na sani tun ranar farko. Na sani sa'ad da ka tambaye ni."

Hayaniyar ta ci gaba. Na ji wani yana ce masa da Larabci ya yi sauri.

"Sa'ad da nake tsefe damman nan a gabanka," in ji shi, "ka sani?"

"Na sani."

"Gwadabe," ya ce. Bai taɓa kiran sunana gatsau ba. "Ban san abin da zan ce maka ba, kuma ba ni da lokacin nemansa. Abu ɗaya. Matata tana can tana gaya wa 'ya'yana sakacin ubansu ne ya raba su da shi. Ka je ka gyara wannan. Ba ta waya ba, ba ta bakin Tani ba, ba kuma da waƙa ba. Ka tsaya a ƙofar ɗakina ka faɗa, yaran suna ji."

"Rabi'u, ka san hanya, ka san shingayen askarawa..."

"Na san su. Shekara tara nake ratsa su kowace Talata don in kawo maka ciyawa."

Aka karɓe wayar.

Alhamis, 23 ga Rajab, bayan sallar Asuba

Na kira Likita Munir ko zai ɗauke ni. Ya ce ɗaukar marar takarda zai iya cinye masa aikinsa, ya ba ni haƙuri, ya kuma gaya mini shingen da ya fi tsanani da lokacin da ake canjin masu gadi. Tani ta yi kuka, ta kira ni da sunayen da ban san ta iya ba, daga baya ta kwatanta mini gidan: Ammariyya, lungu na biyu bayan mai gasa burodi, kore ne ƙyauren.

Na cika kwamin ruwa duka uku. Na zuba ciyawar kwana biyu, na ɗaure ƙyauren gabas da waya ninki uku. Na rubuta wa Turki yadda ake kiransu da yadda ake tsayawa nesa har su saba, na saƙale takardar a ƙofar rumfa. Daga nan zuwa babban titi tafiyar rabin sa'a ce a ƙasa, daga can sai abin da Allah Ya kawo mai taya huɗu.

Na ƙirga su, goma sha biyu. Na sa farar rigata. Abin da zan faɗa a bakin koren ƙyauren nan ban tsara shi ba, kuma ba zan tsara ba.